Jinya Babu Dangi: Yadda Muka Yi Aiki A Ɗakin Masu Korona A Kumasi

Duk wanda ya taɓa kwantar da nasa a asibitin gwamnati a Kumasi ya san cewa ba likita da nas kaɗai ke riƙe da majinyaci ba. Akwai mutum na uku wanda sunansa ba ya cikin takardar albashi, wato mai jinya: 'ya ko ƙanwa ko matar ɗa, wadda take kawo koko da sassafe, ta wanke kwano da zane, ta kai takardar likita kantin magani, ta raka mara lafiya bayan gida, sannan da dare ta shimfiɗa tabarma a baranda tana kasa kunne ko zai kira. Mu ma'aikatan lafiya mun saba da wannan tsari har mun daina lura da shi, alhali nas ɗaya da ke kula da ɗaki cike da gadaje ba za ta taɓa iya ba kowa abinci a baki ba. Annobar korona ta sauya abubuwa da yawa a asibitin gundumar da nake aiki, tun daga ƙofar shiga har ɗakin ajiye gawa, amma babu sauyin da ya girgiza aikinmu kamar umarnin da ya hana mai jinya tsallake ƙofar ɗakin mara lafiya.

Ni nas ce, haifaffiyar unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma ina bakin aiki ranar 12 ga Maris 2020 lokacin da Ministan Lafiya Kwaku Agyeman-Manu ya sanar da cewa an samu mutum biyu na farko masu ɗauke da cutar a Ghana, ɗaya ya dawo daga Norway, ɗaya daga Turkiyya. Ranar 15 ga watan Shugaba Nana Akufo-Addo ya hana taruka, ya rufe makarantu, aka dakatar da jam'i a masallatai da coci-coci. Bayan mako guda aka rufe iyakokin ƙasa, sannan ranar 30 ga Maris aka sa dokar kulle a Accra da Kasoa da Kumasi, wadda ta ɗauki mako uku. Mutum na farko da cutar ta kashe a ƙasar nan a Kumasi yake zaune, saboda haka tun daga farko ba mu ɗauke ta a matsayin matsalar mutanen Accra ba.

Aikin farko a bakin ƙofa aka yi shi. An rufe duk mashigan asibitin aka bar ɗaya, aka kafa tanti a gabanta, aka jera bokitan Veronica, wato bokitin nan mai famfo a gindi da roba a ƙasa, wanda masaniyar kimiyya 'yar Ghana Veronica Bekoe ta ƙirƙiro shekaru da dama kafin annobar. Duk mai shiga sai ya wanke hannu, a nuna masa ma'aunin zafi a goshi, a tambaye shi ko yana tari, ko numfashinsa na sarƙewa, ko ya yi tafiya, ko ya cuɗanya da wanda ya dawo daga waje. A takarda abin yana da sauƙi. A aikace kuwa zazzaɓi shi ne abin da ya fi kawo mutane asibiti a garin nan, domin sauro bai tafi hutu ba, kuma ko gwajin yatsa ya nuna zazzaɓin cizon sauro, hakan bai wanke mutum daga korona ba, tunda ana iya ɗauke da su biyun a lokaci guda.

Babbar matsalar ita ce ɓoyewa. Jita-jita ta riga mu shiga gidaje: wasu na cewa cutar masu hawa jirgin sama ce, wasu na cewa duk wanda aka shigar da shi ɗakin killacewa gawarsa ma ba za a gani ba. Mutane suka riƙa haɗiyar farasitamol kafin su fito daga gida don kada ma'aunin ya kama su. Takardar tambayoyin da Turanci take, abokan aikina kuma da harshen Twi suke tambaya, sai dattawanmu na Zango, wato unguwannin Musulmi masu jin Hausa, ko da suna jin Twi ɗin, su riƙa amsa kowace tambaya da “babu”. Da shugabarmu ta lura da haka, sai ta sa a riƙa kirana tanti duk lokacin da aka samu irin wannan. Abin da na koya a wurin shi ne tambayar kai tsaye ba ta fitar da gaskiya daga bakin mai jin tsoro. Sai na fara da gaisuwa, na tambayi gida da jikoki, sannan na ce, “Mma, daren jiya kin samu barci kuwa?” Sau da yawa amsar ita ce, “Ina fa, 'yata, tari ya hana ni.” Daga baya, da aka tabbatar cewa cutar na ɗauke jin ƙamshi da ɗanɗano, na riƙa tambayar mata ko suna jin ƙamshin daddawa in an jefa ta a miya, kuma wannan tambaya ta tona mana masu cutar da ma'aunin goshi ya bari suka wuce.

Ba a daɗe ba aka zaɓe ni cikin waɗanda za su yi aiki a ɗakin killacewa, wanda asalinsa ɗakin kwantar da maza ne da aka kwashe. Masu horar da mu sun gaji iliminsu ne daga shirin da aka yi a 2014 lokacin annobar Ebola, wadda ba ta shigo Ghana ba amma ta sa an koya wa ma'aikata da yawa yadda ake sa kayan kariya. An raba ɗakin gida uku da jan layi a ƙasa: wurin da yake tsarkakke, wurin tuɓe kaya, da wurin majinyata, kuma tafiyar hanya ɗaya ce, wanda ya wuce gaba ba ya komawa ta inda ya fito. Sa kayan ba shi da wuya: rigar leda mai rufe jiki har kai, takalmin roba, takunkumin N95 mai tace ƙwayoyin cuta, tabarau, gaban-riga, da safar hannu biyu. Wahalar tana cikin zama da su, domin a zafin Maris da Afrilu mutum yakan ji kamar an rufe shi a madambaci, gumi na gangarawa yana taruwa a takalmi, tabarau na yin hazo har sai mun koyi goga masa ɗan sabulu kafin shiga. Mukan rage shan ruwa tun da safe, saboda fita bayan gida na nufin zubar da kaya guda cikakke a lokacin da kowace ƙasa a duniya ke rububin sayen su.

Tuɓewa ita ce wurin haɗari, domin a lokacin mutum ya gaji, yana ƙaguwa ya sha iska, kayan kuma sun kwashi ƙwayar cutar a bayansu. Saboda haka babu wanda yake tuɓewa shi kaɗai. Abokin aiki yana tsaye a bayan layi da takarda a hannu yana karanto mataki bayan mataki da babbar murya: cire safar waje, wanke hannu, cire gaban-riga, wanke hannu, naɗe rigar daga ciki zuwa waje, wanke hannu, takunkumi shi ne na ƙarshe kuma ta igiyar baya ake kama shi. A wannan wuri girman muƙami ba ya aiki, na ga ƙaramar nas ta dakatar da babban likita ta ce ya sake, ya kuma sake ba tare da musu ba. Rasuwar Farfesa Jacob Plange-Rhule, shugaban kwalejin horar da manyan likitoci ta Ghana, sakamakon cutar a watan Afrilu 2020, ta kawar da duk wani tunanin cewa ilimi ko matsayi na kare mutum.

An kuma raba mu rukuni-rukuni waɗanda ba sa haɗuwa, don in mutum ɗaya ya kamu kada a killace ma'aikatan ɗakin gaba ɗaya. Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne, yawancin abokan aikinmu da suka kamu ba a gaban majinyaci suka kamu ba, a ɗakin hutu ne, inda kowa ke sauke takunkumi a sa hannu a kwano ɗaya na wake da shinkafa. Dole aka hana cin abinci tare, kowa ya ɗauki nasa ya fita ƙarƙashin bishiya. Da takunkumin asibiti ya yi ƙaranci, teloli suka shiga ɗinka na yadi mai ninki uku, gwamnati ma ta ba kamfanonin ɗinki na cikin gida aikin ɗinka riguna da takunkumi, sai muka ware na yadi ga masu rakiya da ma'aikatan ofis, muka adana N95 don masu shiga ciki.

Wurin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗakin jiran sakamako. A farkon annobar wurare biyu ne suka ɗauki nauyin yawancin gwajin ƙasar: cibiyar Noguchi da ke Legon a Accra, da cibiyar KCCR da ke jami'ar KNUST a nan Kumasi, wadda samfura daga Ashanti har arewacin ƙasar ke kwararowa gare ta, wasu ma da jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline. Masu gwajin sun yi dabarar haɗa samfuran mutane da yawa a gwada su a tashi ɗaya, in ya fito babu cuta an wanke su duka, in ya nuna cuta sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk da aikin dare da rana da suke yi, yawan samfuran ya fi ƙarfin injinan, sakamako yakan ɗauki kwanaki. A cikin waɗannan kwanaki, mai tarin fuka da mai ciwon zuciya da mai korona na gaskiya suna iya kasancewa a ɗaki ɗaya, kowanne ana zarginsa. Mun nisanta gadaje, mun buɗe tagogi duka, mun sa wa kowa takunkumi, mun ware wa kowane gado nasa ma'aunin zafi, muna canza safar hannu tsakanin gado da gado, amma a raina na san cewa wanda ya shigo da wata cutar daban yana iya fita da wannan.

A cikin ɗakin masu cutar ne rashin mai jinya ya bayyana da dukkan nauyinsa. Aikin da dangi ke yi kyauta ya dawo kanmu gaba ɗaya: ba da abinci, juya mara lafiya, ɗaukar fo, canza zane, wanke baki. Kuma muna yin sa ne fuska a rufe, murya a dakushe, ta yadda majinyaci ba ya bambance nas da likita, ko mace da namiji, har sai da muka fara rubuta sunayenmu da manyan baƙaƙe a gaban-riga. Tsoho da ya saba buɗe ido ya ga 'yarsa, yanzu sai ya ga wasu fararen halittu suna shawagi a kansa. Wasu sun daina cin abinci ba don ciwo ba, sai don sun yanke ƙauna.

A cikin azumin shekarar, wanda ya kama a ƙarshen Afrilu, aka kawo mana wani dattijo ɗan kasuwa, mai ciwon suga, wanda ya juya fuskarsa bango ya ƙi magana da kowa. Da na yi masa sallama na ce, “Baba, sannu da jiki,” sai ya waiwayo a hankali ya ce, “'Yata, ke 'yar ina ce?” Na ce masa ni 'yar Aboabo ce. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To, ashe ba a jefar da ni ba.” Daga nan ne damuwarsa ta fito fili, kuma babu ɗaya a ciki da ta shafi magani. Yana azumi, ba zai karya ba. Bai san inda alƙibla take ba. Ba shi da ƙarfin zuwa alwala. Sannan ba zai yarda mace ta kai shi bayan gida ko ta goge masa jiki ba. Kowanne daga cikin waɗannan, da 'yarsa ko ɗansa na kusa, da an warware shi ba tare da mun ma sani ba.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na sa wayar ɗakin a cikin farar leda na kira limamin unguwarsu, wanda ya karanta masa ayar da ta sauƙaƙa wa mara lafiya ya sha azumi ya rama daga baya, ya kuma ce masa, “Alhaji, Allah ne ya ɗauke maka, kada ka mayar da kyautarsa.” A ranar ya karɓi koko. Na manna filasta a bango na nuna alƙibla, aka kawo dutse mai santsi aka wanke shi don taimama, aka tsara aiki yadda ba za a rasa namiji a kowane rukuni ba. Wannan tsari bai tsaya a kansa ba, ya zama ƙa'idar ɗakin, abokan aikina Kiristoci ma suka riƙa haɗa nasu majinyatan da fastoci ta wannan wayar.

Ga dangi kuma muka buɗe hanyoyi uku. Aka ajiye tebur a waje inda suke kawo abinci a mazubin da ba a mayarwa, da sunan majinyaci a jiki, domin tuwo da miyar kuka daga gida yakan shiga inda abincin asibiti ya kasa. Kowane gida ya ba da lambar mutum ɗaya wanda muke kira kowace yamma mu faɗa masa gaskiyar halin da ake ciki, mai daɗi ko mara daɗi. Na ukun shi ne taga. Ɗakin yana da taga ta baya mai kallon fili, sai muka ɗaura igiya nesa da ita kamar taku uku, aka ware lokaci bayan la'asar, dangi su tsaya a bayan igiyar su ga nasu da idonsu. Gani ya kori ji. A ganina babu sanarwar rediyo da ta kashe jita-jita a Zango kamar matar da ta koma gida ta ce ta ga mijinta zaune yana shan shayi.

Ta fuskar magani, darasin da ya fi girma shi ne na iska. Cutar tana da yaudara: mutum yana zaune yana hira, yana cewa da sauƙi, amma 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna cewa iskar oksijin da ke jininsa ta faɗi ƙasa da 90 cikin 100. Saboda haka muka daina dogara da kallon fuska, muka koma awo a kai a kai dare da rana. Babbar tukunyar oksijin, in majinyaci na shan lita 15 a minti ɗaya, ba ta kai rabin yini, kuma masu dakon asibiti ne ke mirgino ta da hannu ko da ƙarfe biyun dare ne. Muka buɗe littafi na musamman wanda ake rubuta tukwane nawa ne cike, nawa ne a kan gado, nawa ne suka ƙare, kuma babu mai miƙa aiki ga na bayansa sai sun ƙirga tare. Injinan da ke tace oksijin daga iskar ɗaki sun taimaka wa masu matsakaicin hali, amma da wuta suke aiki, don haka kowane gado mai inji sai an jingine masa tukunya a gefe. Wanda jikinsa ya fi ƙarfinmu sai a nema masa gado a asibitin koyarwa na Komfo Anokye ko a cibiyar jinyar masu cutar da ke asibitin Kumasi South, kuma a lokacin da cutar ta yi tsanani gadajen kulawa ta musamman sun yi wa ƙasar duka kaɗan.

Dabaru biyu marasa tsada sun ceci mutane a hannunmu. Ta farko ita ce kwantar da majinyaci ruf da ciki, wanda ke buɗe bayan huhu ya ƙara ɗaukar iska, har mukan ga lambar na'urar tana hawa cikin 'yan mintuna. Nan ma sai da muka koma wurin malamai, domin dattawanmu sun tashi da sanin cewa an hana kwanciyar ruf da ciki, kuma ba su saki jiki ba sai da suka ji daga bakin malami cewa larura tana da hukuncinta. Ta biyu ita ce maganin deksametazon, wanda masu bincike a jami'ar Oxford ta Ingila suka nuna a watan Yuni 2020 cewa yana rage mutuwa ga masu buƙatar oksijin. Tsohon magani ne da ke kowane kantin asibiti, sai dai yana tayar da suga, ga shi kuma da yawa daga cikin masu jin jiki sosai dama masu ciwon suga ne da hawan jini, sai awon suga ya ƙaru a kan ayyukanmu. A cikin watan Yunin ne kuma aka sauya ƙa'idar sallama, aka daina jiran gwaji biyu masu nuna an warke, aka koma ƙirga kwanaki da duba alamomi. Hakan ya sauke mana gadaje, amma shawarar cewa mai ƙaramin ciwo ya killace kansa a gida ba ta dace da gidajen haya na Aboabo da Asawase da Sabon Zango ba, inda iyalai da yawa ke tarayya a famfo ɗaya da bayan gida ɗaya. Irin waɗannan sai mun nema musu wuri a cibiyar killacewa.

Mutuwa ce ta kusa raba mu da jama'armu. Ƙa'ida ta ce jami'an duba-gari ne ke binne wanda cutar ta kashe, kuma in mutum ya rasu kafin sakamakonsa ya fito, sai a riƙe gawar har a ji. Ga Musulmi, wanda ya san haƙƙin mamaci shi ne wanka da likkafani da salla da gaggauta binnewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na tsaya a gaban 'ya'yan da ke kuka suna cewa mun kashe musu uba sannan mun hana su suturta shi. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya kawo mafita shi ne zama da aka yi tsakanin shugabannin asibiti da jami'an duba-gari da limamai da wakilan sarakunan Zango, inda aka karanta musu jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya wadda ta ce babu buƙatar ƙona gawa, kuma dangi na iya ganin mamaci muddin ba su taɓa shi ba. Aka amince cewa Musulmi daga cikin ma'aikata, namiji ga namiji, mace ga mace, su sa kayan kariya su yi wa mamaci taimama, a naɗe shi da likkafanin da dangi suka kawo, a yi masa salla a fili da tazara, mutanen da ba su wuce 25 ba kamar yadda doka ta iyakance, sannan a kai shi maƙabartar Tafo a kwantar da shi yana fuskantar alƙibla, ɗansa ko ɗan'uwansa na tsaye yana gani. Aka kuma riƙa rubuta “gaggawa” a kan samfurin mamaci. Na yi wa mata wannan sutura da hannuna, kuma a duk aikin da na yi a shekarun nan babu wanda nake roƙon Allah ya karɓa kamarsa.

Yayin da hankalinmu ke kan wannan ɗaki, sauran sassan asibitin sun zama kufai. Mata sun daina zuwa awon ciki, an daina kawo yara rigakafi, masu hawan jini suka bar karɓar magani don tsoron kada a kama su a tanti. Bayan 'yan watanni muka fara ganin sakamakon: shanyewar ɓarin jiki, haihuwar gida da ta zo da zubar jini, ƙafar mai suga da ta ruɓe. Sai aka fara ba masu ciwo mai daɗewa maganin watanni a tashi ɗaya, aka raba wa masu awo lokuta daban-daban don kada su taru, ungozomomi suka ɗauki littafin rajista suna kiran duk wadda ta ɓace. Da aka sake buɗe masallatai ranar 5 ga Yuni 2020, da sharaɗin kada a wuce mutum 100, muka roƙi limamai su riƙa faɗa bayan salla cewa asibiti a buɗe yake ga kowace cuta, magajiyoyin unguwanni kuma suka kai saƙon cikin gidaje.

A gida ma sai da aka sake tsari. Mahaifiyata ta koma wurin yayana, ni kuma in na dawo sai na tuɓe a bakin ƙofa na yi wanka kafin yarana su matso. Wasu maƙwabta sun janye 'ya'yansu daga wasa da nawa, abin ya yi mini ciwo, ko da yake na san tsoro ne ba ƙiyayya ba. Gwamnati ta ɗauke wa ma'aikatan lafiya harajin albashi na wasu watanni, ta yi alkawarin ƙarin rabin albashi ga na sahun gaba da inshorar sidi 350,000, aka kuma yi ta muhawara a kan wane ne na sahun gaba. Ra'ayina a nan bai taɓa sauyawa ba: matar da ke goge ƙasan ɗakin da ruwan kulorin, da mai wankin zannuwa, da mai mirgina tukunyar oksijin, sun shaƙi iskar da na shaƙa, kuma ya kamata sunansu ya zo kafin na wanda bai taɓa tsallake jan layin ba.

Guguwa ta biyu, a Janairu da Fabrairun 2021, ta fi ta farko zafi, ta uku kuma ta zo da nau'in Delta a tsakiyar shekarar, amma sun same mu da tsari a hannu. Ranar 24 ga Fabrairu 2021 Ghana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta karɓi allurar rigakafi ta shirin COVAX na raba wa ƙasashen duniya rigakafin korona, guda 600,000 na AstraZeneca da aka sarrafa a Indiya, aka yi wa shugaban ƙasa da mataimakinsa Mahamudu Bawumia a bainar jama'a ranar 1 ga Maris, washegari aka fara yi wa ma'aikatan lafiya. Na sa aka ɗauki hotona ana yi mini, na tura wa matan unguwarmu ta WhatsApp, domin jita-jitar cewa allurar na hana haihuwa ta riga ta zagaya. Bayan rigakafin ya yaɗu, muka fara barin mutum ɗaya daga dangi, wanda aka yi masa allura aka kuma koya masa sa takunkumi da wanke hannu, ya zauna da tsofaffin da ba sa iya ci da kansu a sauran ɗakunan.

A watan Yuli 2022 aka tabbatar da ɓullar cutar Marburg a karon farko a Ghana, kuma a nan yankin Ashanti ne. Cuta ce da ta fi korona kisa nesa ba kusa ba, ga shi ana ɗaukarta ta jini da ruwan jiki, don haka ƙa'idojin taɓa mara lafiya da gawa sun fi tsanani. Ba a kawo mana mai ita ba, kuma a watan Satumba aka sanar da ƙarewarta, amma a ranar da sanarwar farko ta iso an sake kafa tanti, an sabunta jan layi, an ƙirga kayan kariya da tukwanen oksijin kafin magariba. A taron da aka yi da yammar, shugabarmu ta ba ni aiki uku a rubuce: in tattara sunayen ma'aikatan da ke jin Hausa da Dagbani da Frafra a kowane rukuni, in sayi katin waya don wayar ɗakin killacewa, in kuma je wurin limamai tun kafin a samu gawa mu yi magana a kan abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba a wannan karon.